Ledar da Baba ya hana a cire

Jiya wakilin ƙaramar hukuma a kwamitin kula da rafuka ya zo gonarmu a Miri. Bakinsa ake jira kafin a yi mana shingen dutse a bakin rafi. Amma a cikin rani ya zo, rafin duk yashi ne.

Ya ce, "Baba, wannan ɗan rafin ne ke cinye muku gona?"

Mahaifina bai yi musu ba. Ya nuna masa wata leda mai busasshiyar laka, maƙale a reshen mangwaro, sama da kansa.

"Ranka ya daɗe, ruwan bara ne ya rataye ta."

Mutumin ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaro biro.

Tun kaka nake son cire ledar nan, Baba yana hanawa. Ku a wajenku, yaushe suke zuwa duba ruwa?