Ƙullin Ƙuli-ƙuli Daga Gude

Jiya da la'asar jikata Ummi ta ajiye wayar da take kallon katun, ta juyo wajen mahaifiyata da ke zaune a tabarma.

"Inna, wai me ya sa katun ɗin nan babu uwa a ciki? Ko ta mutu, ko ba a ma ambace ta ba. Har tatsuniyoyinki haka suke."

Tambayar ta taɓa ni. Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka kai ni garin Mainika wurin kakata, kamar yadda aka saba a gidanmu. Inna tana Gude, kuma saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunana ba. A wancan zamanin gyaɗa ce komai. Abin da na sani kawai, duk shekara in an cire gyaɗa sai a kawo mini ƙullin ƙuli-ƙuli mai barkono, a ce, "Ga shi an aiko."

Inna ta dubi Ummi, ko inda nake ba ta kalla ba.

"Ke, wa ya ce miki babu ita? Tana bayan zana tana leƙe. In yaron ya sami abinci a hanya, wa kike zaton ya aiko?"

Can ta ƙara da cewa, "Wancan ma har gobe barkono yake so."

Jama'a, da furfurata da komai, sai da na tashi na shige ɗaki.

Ku fa, wa yake aiko muku da naku ƙullin?