Gyaran Muryar Rakiya

Duk wanda ya taɓa shiga bankin nan na bakin kasuwar Tasawa ya san Rakiya. Shekara ashirin da shida tana teburin buɗe ajiya, tabarau bisa hanci, ga baki. Kai, Rakiya akwai baki! Amma ba shi ya sa bankinsu ya fi na maƙwabta cika ranar kasuwa ba.

Takardar buɗe ajiya tana da layin sunan miji. To matan rugage da ke zuwa daga wajen Korgom, ko me za a yi masu ba su faɗin sunan maigida, don kunya. Wani ma'aikacin sai ya yi ta nanata tambaya har mace ta ja mayafi ta fice. Ita Rakiya ba ta tambaya. Sai ta duƙar da kai bisa takarda, ta riƙa jero sunaye a hankali kamar mai magana da kanta: Ya'u, Illo, Ahmadu. Inda mace ta yi gyaran murya, nan take dasa biro. Shi ke nan, an rabu ana dariya.

Da lokacin aje aikinta ya matso, sabon darakta, Naziru, ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani game da aikinsa, don kada ya tafi da shi gida. Rakiya ta taɓe baki, ta ce ita dabararta ba ta shiga ordinata, wato kwamfuta. Gaskiyar magana kuwa, rowa ce. Tana jin daɗin a ce sai ita.

Sai ciwon ƙafa ya kwantar da ita sati biyu. Ta dawo ranar kasuwa ta tarar bencin matan wayam. Aziza, wadda za ta gaje ta, ta ce ita dai ta tambaye su yadda takarda ta ce, suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba su dawo ba. Abin ya yi wa Rakiya zafi ƙwarai, don ta san da ta tafi sun tafi ke nan.

Tsawon wata guda Rakiya ta tasa Aziza gaba, tana koya mata tana masifa. Kada ki dubi fuskarta. Kada ki yi sauri. Sunan ɗan fari ma haka ake bi da shi. Suka cika littafi da sunayen da aka fi sa wa maza a kowane yanki, darakta ya sa aka buga, har reshen Mayahi aka kai. Benci ya sake cika, Rakiya ta aje aiki.

Bayan wata uku ta zo sabunta takardunta, ta zauna kujerar baƙi tana tsokanar kowa. Aziza na cikewa har ta iso layin nan.

"Inna, sunan maigida?"

Rakiya mai baki ta shiga gyara tabarau. Shekara talatin da aure, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Aziza ta danne dariya, ta duƙar da kai bisa takarda. "Muddassir," ta ce a hankali. "Rayyanu. Abdulhakim."

Rakiya ta kau da kai wajen taga, ta yi gyaran murya.