Ramin da Verlene Ta Ɓoye

Duk wanda ya san Verlene Tackett a garinmu, da hannunta na dama ya santa. Daga wuyan hannu har gwiwa tabo ne kaca-kaca, kamar an goge ta da dutsen kaushi. Aikin tarwada ne. Ƙanwata ce, ciki ɗaya, ni na koya mata iyo. Sana'arta dafa wa 'yan makaranta abinci, a kicin ɗin nan ta yi furfura. Amma da zarar zafi ya shigo jiharmu ta Oklahoma, ruwan dam ya yi ɗumi, tarwada suka shige ramuka za su yi ƙwai, to neman Verlene a tudu ɓata lokaci ne.

Ita ba ƙugiya, ba raga. Nitsewa take yi, ta zura hannu a rami, ta karkaɗa yatsu. Kifi ya ji haushi ya cafke, ita kuma ta damƙe masa muƙamuƙi ta fito da abinta. Sai dai mutum ɗaya ba ya wannan aiki. Dole wani ya toshe ɗaya bakin ramin da ƙafarsa, ya kuma riƙe mata bel in kifi ya nemi jan ta ƙasa. Tun rasuwar Baba ni nake mata wannan.

Kafin a datse kogi, gidanmu a kwari yake. Da ruwa zai zo sai aka kwashe katako da kwano, amma ɗakin ƙasa na siminti da Baba ya gina don ɓuya daga guguwa, wannan ba mai iya ɗauka. Yana nan cikin ruwa, da ƙofarsa da 'yar tagar shan iska. Duk dam ɗin ba ramin da manyan tarwada suke so kamarsa. A wurinmu kuwa mutum zai ba ka aron motarsa, ya ba ka gadonsa ka kwana, amma raminsa ba ya faɗa. Baba ya ce da Verlene ta riƙe bakinta, ta kuwa riƙe.

Wai riƙewa! Ramin yana yamma, amma kullum gabas take fara nufa da kwale-kwale. Ta tsaya a duwatsu, ta nitse na ƙarya, ta taso tana tsaki da ƙarfi don na bakin ruwa su ji: "Ba komai a nan, ko kwaɗo!" Sannan ta zagaya, ta laɓe bayan itatuwa, ta sulale yamma. Duk saboda mutum ɗaya, Hoyt Ledbetter, makanikin gari. Ajinsu ɗaya tun suna yara, kuma tun lokacin suke gasar wa ya fi kama babba.

Bana aka yi mini aiki a gwiwa, likita ya ce in na shiga ruwa ba ruwansa. Verlene ta shiga uku. Lokacin ƙwai ba ya jira, da an ƙyanƙyashe kifi sun watse sai baɗi. Ko dai ta haƙura da shekarar, abin da ba ta taɓa yi ba, ko ta nuna wa wani ramin Baba. Kuma duk garin ba mai ƙarfi da sanin aikin sai Hoyt. Ta tabbata in ya gani, kafin Lahadi kowa ya ji, su kwashe mata kifi tas.

Kwanaki tana fama. Har wake ta ƙona wa yara a makaranta. Ran nan dai ta cije ta same shi a gareji.

"Kai, tsohon banza, fito daga ƙarƙashin motar nan."

Hoyt ya leƙo, baki duk baƙin mai. "A'a, 'yar Tackett! Wa ya mutu?"

"Ƙafafunka nake so aro ranar Asabar. Ƙafafun kawai. Idon da bakin ka bar su gida."

Ranar Asabar da hantsi aka ɗora ni a kwale-kwale kamar buhun masara, wai in zama shaida. Verlene ta zaro tawul ɗin kicin ta ɗaure wa Hoyt ido tamau. Bai yi musu ba, sai dai ya ce yana warin albasa. Ta tada inji ta nufi gabas. Ta zagaya duwatsu. Ta sake zagayawa. Ta kashe inji, ta kunna, ta yi baya, har kaina ya fara juyawa.

Can sai Hoyt ya yi gyaran murya, idonsa a ɗaure.

"Verlene, in ɗakin ƙasan Babanku za mu, don Allah mu je kawai. Zagayen nan ya isa haka."

Ta saki sitiyari, kwale-kwale ya tafi yadda ya ga dama.

"Me ka ce?"

"Yamma, daidai busasshen iccen nan, ki sa hasumiyar coci a bayanki."

Ta juyo kaina kamar za ta cinye ni. "Yaya! Kai ne ko?"

Na ɗaga hannu biyu, na rantse ban taɓa ba. Hoyt ya kwance tawul yana dariya har da hawaye.

"Ƙyale bawan Allah da gurguwar ƙafarsa. Babana ne ya taya Babanku kwaɓa simintin nan. Rabin tsofaffin garin nan sun taɓa fakewa a ciki ranar babbar guguwa. Wa kike ɓoye wa?"

"Kowa ya sani?"

"Har fasto. Duk bazara muna zaune a gindin bishiya muna kallon ki kina zagaye kamar kare mai neman wurin kwanciya. In kika ce ko kwaɗo babu, sai mu ce, to, yau akwai suya a gidan Tackett."

Fuskar Verlene ta yi ja. Ta ce, a hankali, "To me ya hana ku kwashewa?"

Hoyt ya dube ta kamar ta yi tambayar yara. "Gidanku ne fa. Don ruwa ya hau kansa sai ya zama na kowa? Wa ke shiga gidan mutane ba a ce ya shigo ba?"

Ta kau da kai tana goge ido, wai rana ce. Sannan ta kama sitiyari ta miƙe yamma ɗoɗar, ba kwana. Da muka isa ta cire takalmi, ta ce, "To shigo, tsohon banza. Na ce ka shigo."

Suka dira. Hoyt ya toshe taga, hannu ɗaya a bel ɗinta. Ta ja numfashi ta nitse. Ruwa ya yi lum. Sai na ji gum daga ƙasa, har a katakon da nake zaune! Ruwa ya hautsine, laka ta taso, Hoyt yana ihu yana ja. Sai ga kan Verlene, sai ga kan tarwada kusa da nata, faɗinsa kamar faranti, hannunta ya shige bakinsa har gwiwa. Ni da aka ce kar in motsa ƙafa, ban san lokacin da na miƙe ina tsalle ba!

Da yamma ta mulmula kifin a garin masara ta soya a ƙofar gida, ga wake, ga burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara. Duk 'yan gindin bishiya suka zo. Ta zuba wa kowa, tana zagin kowa da sunansa, fasto kaɗai ta raga wa. Hoyt ya ce ƙafarsa ce ta kama kifin, ta ce ya nuna tabo.

Asabar ta gaba suka sake fita. Ina bakin ruwa na ga kwale-kwale ya nufi gabas. Hoyt ya dafe kai yana magana, muryarta kuwa har inda nake: "Yi mini shiru! Akwai baƙi a gari."