Tsohuwa mai tsinke fure

A bayan tashar mota ta Birnin Gwari, Jumare manomin wake ya tsaya cak. Wata siririyar tsohuwa ce, zanenta duk ya koɗe, take tsinke furannin wata shuka mai kama da wake da ta nannaɗe dangarta. Ɗaya bayan ɗaya take cirewa da farce, tana tarawa a faifai.

Ya zaci furen wake take ɓarnatarwa. A bana, da gonakin bakin daji suka zauna babu shuka?

"Iya, abinci fa kike zubarwa."

Ba ta ɗago ba. "Ba a cin wannan, ɗana. In ya yi 'ya'ya sai ya daina fure. Kaɗan nake bari saboda irin baɗi."

Ta miƙo masa ɗaya, ƙamshin ya daki hancinsa. Tafin hannunta duk ya yi kanta, hannun wadda ta tsufa da fartanya. Wataƙila daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa ta fito.

"Ranar da muka gudo na suri ƙulli, na zaci irin wake ne," in ji ta. "Ashe furen 'yata ne. Ita ba ta fito ba."

Ta ci gaba da tsinka.