Wanda Ya San Makwancin Sarauniya

Da zan taho Alƙahira karatu, saƙo ɗaya Inna ta ɗora mini: in nemo kabarin yayana, wanda ya rasu a nan shekara biyu kafin zuwana, in tsaya a kansa in yi masa addu'a. Cikin waɗanda suka kai shi, mutum ɗaya ya rage a unguwar Ainu Shams, wani ɗan garinmu da ya shekara tara yana fama da digiri ɗaya.

Shi ba shi da zance sai kaburburan Fir'aunoni. Wai kabarin sarkin nan mai fuskar zinariya ba nasa ba ne, na wata sarauniya ne aka ƙwace, aka tura ta can ciki aka toshe da bango. Yana faɗa yana ƙwanƙwasa bangon ɗakinsa, kai ka ce da shi aka kwaɓa ƙasar ginin. Masu bincike da na'ura sun nemi ɗakin sarauniyar sun gaji, shi ya gano shi daga kan katifa, da waya a hannu. Na raina shi ƙwarai, amma na haɗiye, tunda ni ke da buƙata.

Wata Juma'a da hantsi muka tafi. Maƙabartar ba irin tamu ba ce. Ɗakuna ne a ƙarƙashin ƙasa, kowanne da ƙofar ƙarfe, layi-layi kamar unguwa.

"Malam, wace ƙofa ce?"

"Yalla, gaba kaɗan. Koriya ce."

Korayen ƙofofi kuwa ba iyaka. Muka zaga har ƙafata ta yi zafi.

"Ma'alish, yi haƙuri ƙanena, kamar an sake fenti."

Wani dattijo mai gadin wurin ya ce baƙi a ɗakunan sadaka ake sa su, ya nuna mana wani dogon layi. In ɗaki ya cika, a matsar da tsofaffin ƙasusuwa gefe, a shigar da sabuwar gawa.

"Ka ji ko!" in ji gogan, har da tafa hannu. "Tun zamanin Fir'auna haka suke yi!"

Ban taɓa jin son marin mutum kamar ranar ba. Ya san inda sarauniya take kwance tun shekara dubu uku, amma ya manta inda ya ajiye ɗan'uwana da hannunsa.

Na bar shi nan yana cika dattijon da surutu. Na bi layin ƙofa bayan ƙofa, ina addu'a a kowacce.

Bayan la'asar Inna ta kira. "Ka same shi?"

"Na tsaya a kansa, Inna."

Ta yi hamdala, ta sa mini albarka. Har yau ban san a bakin wace ƙofa maganar da na faɗa mata ta zama gaskiya ba.