Kabarin da Muka Haƙa wa Mai Keke

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san ni a Ƙauran Namoda ya san ba ni da jinkiri. Ka kawo yadi ran Litinin, ka karɓi rigarka ran Laraba, in ka ƙara kwana kuma in aika a kira ka. Wannan hali ne ya jefa ni cikin abin da zan faɗa, ko da yake har gobe ban yarda laifina ne ni kaɗai ba.

Maƙwabcina wani dattijo ne Ibo, Kirista, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Ƙaura tun ina yaro. Da ya yi ritaya sai ya koma gyaran keken ɗinki, muka laƙaba masa Mai Keke. Ran Alhamis yana kasuwar Shinkafi da jakar kayan aikinsa, wani lokaci kuma telolin Zurmi su aiko a tafi da shi. Hausarsa kuwa, in ka ji shi ta bayan katanga sai ka rantse Bazamfare ne. Matarsa ta daɗe da rasuwa, tana kwance a maƙabartar Kiristoci da ke bayan gari.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, mu muna murna, su kuwa mutanen Sabon Gari jita-jita ta cika musu kunne. Wai za a rufe coci, wai za a sa wa matansu hijabi dole. Ba a rufe ba, amma da yawa suka ɗaure kaya. 'Ya'yan Mai Keke ma suka rufe shagunansu suka yi kudu da iyalansu. Babu irin roƙon da ba su yi masa ba, tsoho ya ce ko nan da tasha ba za shi ba.

Wata rana yana tsugune yana zuba wa kekena mai, sai ya ce, "Tela, ka ga yaran can? Ran da na mutu zuwa za su yi su ɗauke ni, su kai ni garin da ban san kowa ba. Ni kusa da matata nika so."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Ba na ji ba. Alkawari za ka yi mini."

Na yi masa, ina ma dariya. Ni a ganina mene ne abin wahala a binne mutum?

Cikin damina ya rasu. Da safe na ga bai buɗe ƙofa ba, na leƙa, na tarar da shi a kan kujera, rediyo na ta magana. Na yi salati, na rufe masa ido, na lulluɓe shi da zane. Daga nan fa sai na yi abin da kowane ɗan Musulmi zai yi wa wanda yake ganin girmansa. Mu a wurinmu, wanda ya rasu da safe, kafin azahar an raka shi. Barin mamaci a kwance wulaƙanci ne. Na bi gida gida na tattaro maƙwabta huɗu, mutanen da ciyawa ke cin geronsu a gona, suka aje fartanya suka ɗauko diga da shebur.

Ni na nufi coci don in sanar. To, ni a lokacin coci duk coci ce. Ashe ba haka ba ne! Na shiga ta farko, ta Yarabawa ce, suka ce ba nasu ba ne. Na shiga ta biyu, ta mutanen Jos da kudancin Kaduna, masu waƙa da Hausa. Fastonsu mutumin kirki, ya ce shi ma ba nasu ba ne, limamin cocin su Mai Keke daga Gusau yake zuwa, sai Lahadi. Amma ya san kabarin matar, ya raka ni ya nuna mini. Da ya hango mutanena da diga, sai ya ce, "Malam, da kun ɗan jira."

Na ce, "Mu jira mi? Ya tashi?"

Muka haƙa. Ƙasa jiƙaƙƙiya, ga nauyi, amma kafin rana ta take mun gama. Muna share zufa sai ga shugaban ƙungiyar 'yan garin su Mai Keke a kan babur, da mutum uku a bayansa a ƙasa. Na miƙa hannu zan yi masa ta'aziyya, mutumin nan ko kallon hannuna bai yi ba.

Ya ce, "Wa ya sa ku? Gaggawar me kuke yi? Me kuke son ɓoyewa?"

Kai jama'a! Mu da muka bar gonakinmu, mu ne masu ɓoye wani abu? Maƙwabtana suka saɓa digoginsu suka yi gaba, ɗaya yana ce mini, "Tela, kar ka ƙara kiranmu irin wanga aiki." Sai daga baya faston nan ya fahimtar da ni cewa a wurinsu, haƙa wa dattijo kabari 'ya'yansa ba su zo ba, kamar ka ce ba shi da kowa ne. Abin da muka ɗauka girmamawa, su zagi suka gani. Na ce to ai sai a faɗa wa mutum da baki mai daɗi.

Aka ɗauke gawa aka kai wani asibiti a Gusau aka sa a ƙanƙara. Aka ba direban babbar mota saƙo zuwa kudu. Sati ɗaya, sati biyu, sati biyar, mutum na kwance cikin sanyi kamar kifi. Duk Lahadi sai sun yi taro bayan coci, a yi ta magana har la'asar, a tashi ba a yanke komai ba. Aka buga hotonsa a takarda aka manna a bango. Abin da ya fi ba ni haushi, da suka sayo yadin anko na jana'izar, wa suka kawo wa ɗinki? Ni! Wanda ake zargi da ɓoye-ɓoye. Na karɓa na ɗinka, ina taka keke ina tsaki.

Rami kuwa yana can buɗe. Ruwa ya cika shi, kwaɗi suka tare. Duk bayan ruwan sama sai na je da bokiti na kwashe, don kada gefensa ya zabge ya taɓa kabarin matar. Na samo tsohon kwanon rufi na rufe bakinsa. A majalisa aka fara cewa Tela ya samu sabon aiki, gadin maƙabartar Kiristoci. Wani saurayi da gemunsa bai gama fitowa ba har ya tare ni a ƙofar masallaci zai yi mini wa'azi. Liman ne ya raba mu, ya ce masa maƙwabci yana da haƙƙi, alkawari kuma alkawari ne. Da bai shiga tsakani ba, da ranar an ji kanmu.

A sati na bakwai babban ɗan Mai Keke ya iso. A Ƙaura aka haife shi, ni na ɗinka masa kayan makarantarsa na farko. Aka kira ni taro a harabar cocinsu, na faɗi abin da tsoho ya ce mini, kalma da kalma. Shugaban ƙungiya ya ce ina takarda? Takarda! Mutum yana tsugune da gwangwanin mai a hannu, sai in ce tsaya in kira lauya? Limamin cocinsu ya ce shi ya gaskata ni, amma magana ta iyali ce. Shugaban ya ce a garinsu ba a taɓa barin dattijo mai 'ya'ya maza a ƙasar wasu ba, abin kunya ne har jikoki. Na ce shekara arba'in yana shan ruwan garin nan, yau ne ya zama ƙasar wasu? Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba zan maimaita su ba. Na kakkaɓe rigata na fita.

Ina isa shago sai ga ɗan ya biyo ni. Ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana ƙarami, ya ce, "Baba, ba ƙarya ka yi ba. Ni ma ya faɗa mini, ba sau ɗaya ba."

Na ce, "To, mi ya hana ka buɗe baki a can?"

Ya ce, "Baba, babu wanda zai ƙara dawowa garin nan a cikinmu. Matata ta rantse, ƙannena ma haka. In na bar shi nan, wa zai riƙa zuwa wurinsa? Mama ta riga ta zama ta nan, ba yadda zan yi. Ba zan bar su duka biyu ba."

Na ce, "Ni ina nan."

Ya ɗago ya dubi furfurata. Na gane nufinsa, ni ma tsufa ya zo. Haushi nake ji har wuya, amma na rasa wanda zan ji haushinsa, kuma wallahi tausayin yaron ya kama ni.

Da sassafe motarsu ta tashi zuwa Gusau, daga can su wuce kudu da gawar tsoho. Ban kira kowa ba. Na ɗauki shebur na tafi maƙabarta, na janye kwanon, na mayar da ƙasa cikin ramin ni kaɗai, har hantsi ya yi zafi. Da na gama sai na tsaya gefen kabarin matar. Ban san yadda suke yi a addininsu ba, ban san abin da ake faɗa ba. Sai kawai na ce mata, "Maman yara, ki yi haƙuri. Ba zai zo ba."