Harshenka Bai Yi Kuskure Ba, Baba Nasidi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, bayan La'asar, Armiya'u ya kira ni daga Shinkafi ya ce Allah ya karɓi ran mahaifinsa, Baba Nasidi mai amya na Badarawa. Sati uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Baba, aminin mahaifina ne kai, kuma a gabanka na girma. Mutane suna cewa zuma, kai kuwa ba ka taɓa cewa zuma kawai ba. Akwai na magarya, akwai na gawo, akwai na ɗorawa, akwai na darbejiya mai ɗaci a bayan harshe. Kakan ɗaura amya inda itace ɗaya ya yawaita, ka kwashe da zarar furensa ya kaɗe. Ba ka yi boko ba, don haka a wuyan kowace kwalba kakan ɗaure ɗan tsinken itacenta. Kana cewa kowanne da aikinsa: na magarya don gyambo da ƙuna, na gawo don tari.

Shekarar da kunu ya ƙone ɗiyata Rahma a hannu, ka hawo babur har Kaura da kwalba a aljihu. Kai ka fara cewa mu kai ta asibiti, mu nuna musu zuman kafin mu shafa. Yau sai an duba da kyau ake ganin tabon.

Da daji ya gagari shiga saboda 'yan bindiga, ka bar amyoyinka a kan itatuwa, ka koma Shinkafi wurin Armiya'u. Kwalabe goma sha ɗaya suka rage maka, ka kawo mini ajiya. Ka ce, "Kai ad da tsari, ɗan boko. Riƙe mini."

Tsarin nawa ne ya ci amanarka. Kwalaben suna yoyo, kiyashi ya cika ɗakin. Na sami jarka sabuwa, na wanke, na shanya, na juye su duka a ciki, na zubar da tsinkayen. A littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, na rubuta cewa na gyara ajiyar Baba.

A watan Nuwamba gyambo ya fito maka a ƙwauri, ka aiko in kawo na magarya. A ranar na gane abin da na yi. Maimakon in faɗa maka, sai na cika kwalba daga jarkar, na zagaya bayan gida na karyo tsinken magarya, na ɗaure a wuyanta.

Da na kawo maka, ka tsoma yatsa ka lasa. Sannan ka ce, "Sagir, darbejiya nika ji ciki." Ka dubi tsinken, ka sake lasa. "To. Tsufa ne. Harshen ya mutu." Ka sa mini albarka, na karɓa na taho.

Likitoci sun ce ciwon sukari ne ya kai ka, kuma ajali ba ya wuce ranarsa. Ban san ko zuman gaskiya zai canza wani abu ba. Abin da na sani, a wurin zaman makoki Armiya'u ya ce tun daga ranar ba ka sake yarda ka ɗanɗana wa kowa zuma ba. Masu kawo maka daga Zurmi don ka tantance musu, kakan ce su nemi mai sauran harshe. Har yau ina tambayar kaina: ka yarda da tsinken ne, ko kuwa ka gane, ka rufa mini asiri? Kowanne ne, nauyinsa a kaina yake.

Inna Ladidi matar Baba, Armiya'u, da duk wanda ya ji an ce Baba ya rikice a ƙarshe: bai rikice ba. Akwai darbejiya a cikin kwalbar, ni na zuba. Ran Juma'a zan zo in faɗa da bakina, in nemi gafararku, tunda shi na makara.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata kabarinka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Allah ya ba iyalanka da mutanen Badarawa haƙurin rashinka. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Sagir Jibrin, Kaura Namoda.